Kafin Ka Sa Wa Tsohon Sif Zarto: Yadda Ake Gane Katako da Sake Aiki da Shi

Tambaya: Kakanmu ya yi aikin reluwe a Zariya. Da ya rasu, cikin abin da ya bari akwai wani ƙaton sif mai ƙofa biyu da teburin cin abinci wanda ƙafarsa ɗaya ta karye. Ina kuma da wata durowa mai madubi da na saya a gwanjo, an ce daga Ingila aka shigo da ita, gefenta ɗaya ya kumbura. Wani kafinta ya duba ya ce duk mahogani ne, har ya taya. Ni kuwa so nake a wargaza su a yi min kantar littattafai da ƙaramin tebur. Yaya zan gane irin katakon, kuma zai yi wannan aikin?

Amsa: Allah ya jiƙan tsoho, ya sa ya huta. Ƙanena, ka dakata da sayarwa, ka kuma dakata da zarto, domin har yanzu ba ka san abin da ke hannunka ba. Ba lalle ne kafintan nan ya yi niyyar cutar ka ba. A kasuwarmu duk katakon da ya yi ja-ja kuma ya yi nauyi mahogani ake ce masa, an gama magana. Alhali launin da kake gani a jikin tsohon kaya ba na itacen ba ne. Banish ne da rini da hayaƙin fitila da ƙurar shekaru suka taru suka yi masa riga. An sha rina farin katako mai arha ya koma ja, tun a Turai ake yin haka, ba mu muka fara ba. Saboda haka launin waje shi ne shaidar da ta fi kowace rauni, kuma ita mutane suka fi dogara da ita.

Abin da za ka fara tabbatarwa shi ne ko katakon gundumi ne ko falle aka manna. Ka dubi gefen saman teburin. In zanen jijiyar da ke fuska ya gangaro ta baki ya ci gaba, kuma ka leƙa ƙasa ka ga irin zanen nan dai a ɗaya fuskar, to gundumi ne. In kuwa fuska tana da zane mai kyau, bayan kuma fari ne fat ko zanensa daban, falle ne aka manna a kan wani katako. Wata alamar: ƙofofi biyu da zanen ɗaya ya zama kishiyar na ɗaya daidai wa daida. Gundumi ba kasafai yake zuwa haka ba, yawanci daga gungume ɗaya aka yanko fallayen aka buɗe su hagu da dama. Falle ba aibi ba ne, manyan kafintocin Turai sun yi aiki da shi ɗaruruwan shekaru, amma ga mai neman katakon da zai sake yankawa, falle ba ya ba da komai. Kaurinsa a tsofaffin kaya bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, na zamani kuwa bai kai milimita 1 ba.

Durowarka mai kumburi ina zarginta tun daga nan. Gundumin katako in ya sha ruwa yakan lanƙwashe ko ya tsage, ba ya kumbura ya yi tudu. Ka sa farce a wurin. In ya marmashe ya zubo da gari-gari, katakon dusa ne da aka matse da gam aka lulluɓe da falle, kuma irin wannan bai yaɗu a kayan ɗaki ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ko da daga Ingila ta zo, ba tsohuwa ba ce yadda aka nuna maka.

Sai ka nemi inda fenti bai taɓa ba: ƙarƙashin tebur, bayan sif, cikin aljihun durowa, tafin ƙafa. Ka kankare wuri kamar faɗin babban yatsa da sabuwar reza har sai ɗanyen launi ya fito. Amma inda gaskiyar take shi ne kan katako, wato wurin da aka datse shi a gicciye. Itace kamar damin kara yake, bututu ne jere da juna masu ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye, kuma kowane iri da yadda ya jera nasa. In ka kalli damin ta gefe duk kara ne, sai ka kalle shi ta kai za ka ga bambanci. Karyayyiyar ƙafar teburin nan ta sauƙaƙa maka, ga kai a buɗe. Ka shafta wurin da reza mai kaifi sosai, shafta ɗaya sumul, kada ka goge da samfefa domin gari zai toshe ramukan. Ka ɗan jiƙa da yatsa, ka ɗauki hoto da waya a cikin hasken rana, ka zuƙo shi.

Tunda kayan ma'aikacin reluwe ne, zan fara da katakan kudu, domin su ne mafi kusa. Layin dogo ya ratsa Zariya ya iso Kano a 1911, daga nan ne katakon kurmi ya riƙa hawowa Arewa da yawa, kuma da shi aka yi galibin kayan ofisoshi da gidajen ma'aikatan gwamnati da makarantu.

Na farko da zan yi zato shi ne iroko, wanda wasu ke ce wa loko. In ka kankare shi za ka ga ruwan ɗorawa ko ruwan zuma a ciki, alhali waje ya yi ƙasa-ƙasa mai duhu. Ramukansa manya ne, ido na ganinsu, a warwatse ba a jere ba, kuma akwai fararen layuka masu lanƙwasa da ke haɗa rami da rami. Waɗannan layukan su ne shaidarsa. Ba shi da ja na gaske. Wani lokaci ana tarar da wani abu fari mai taurin dutse a cikinsa, ƙasar alli ce da itacen ya tara, ita ce ke dakusar da bakin inji. Gara ba ta cika damunsa ba, shi ya sa sif ɗin iroko kan shekara 70 yana tsaye.

Mahogani kuma gida-gida ne, a nan ne mutane ke ruɗewa. Akwai maɗacinmu na Arewa, mai duhun ja, mai nauyi da tauri. Akwai 'yan'uwansa na kurmi da aka riƙa fitarwa ta Legas da Benin, sun fi shi sauƙi, launinsu ja ne mai haske. Dukkansu dangin Khaya ne. In ka fere su za ka ga jijiyar ta harɗe, sashe ya kwanta sashe ya tashi, fuska ta yi ratsi-ratsi masu canza haske in ka juya katakon. A kai kuwa ramuka ne matsakaita a warwatse, wasu da ɗan jan ƙaro a ciki, babu fararen layukan iroko. Sai kuma mahoganin asali na yankin Amurka, dangin Swietenia, na Jamaika da Kuba da Honduras. Shi ne ya mamaye kayan ɗakin Ingila bayan 1721, shekarar da majalisarsu ta ɗage harajin katakon da ke zuwa daga yankunan mulkinta na Amurka. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 na Afirka ya fara cika kasuwar Libaful ta Ingila. Ana raba su ta kai: na Amurka yana da sirirun layuka masu haske da ke nuna iyakar girman kowace shekara, a jere tsaf, Khaya kuwa yawanci ba ta da su ko ba sa fitowa sosai. Na Amurka kuma ya fi biyayya ga kaifi, ba ya yin gashi-gashi. In ka samu allo mai faɗi na wannan, ka riƙe shi da kyau, irinsa ya yi wuya, cinikinsa tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya mai kare itatuwa da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Wani abu da zai iya ruɗa ka: fararen ɗigo a cikin ramukan tsohon mahoganin Ingila sau da yawa farar ƙasa ce da aka cike ramukan da ita kafin shafa folish, ta yi fari da tsufa. Ba cuta ba ce.

Sapele ɗan gidan mahogani ne, sunan garin Sapele na jihar Delta ya ɗauka, inda kamfanin African Timber and Plywood ya kafa babbar masana'antar katako da filawud a ƙarshen shekarun 1940. Ratsinsa ya fi na Khaya ƙanƙanta da daidaito, kuma in ka kankare ka shinshina za ka ji ƙamshi mai daɗi, wanda Khaya ba ta da shi. Kawo, wanda 'yan katako ke kira afa, ja ne mai ruwan lemo, nauyinsa har ya fi ƙarfin ganinsa, kowane rami a kansa na zaune cikin wani farin zobe mai siffar ido, wasu ramukan cike da gari rawaya. Garin nan yana rina tufa in ya jiƙe, don haka ba a yin shanya a kansa. Maɗobiya tana da ruwan zuma da ratsin duhu. Mansoniya kuwa toka-toka ce mai sirkin shuɗi, ramukanta ƙanana ƙwarai, fuskarta sumul. Ka kiyayi ƙurarta, tana sa haɓo da jiri, har zuciya takan taɓa.

Katakan da ake samu a kayan Turai ba su da wuyar ganewa. Oak shi ne mafi sauƙi: a kansa manyan ramuka sun yi sahu a farkon kowace shekara, ƙanana na biye, ga kuma faffaɗan layuka masu haske da suka taso daga tsakiyar itacen zuwa baki. Layukan nan su ne ke fitowa a fuska suna sheƙi kamar tabo-tabo. In kana shakka, ka jiƙa soson ƙarfe a ruwan khal ya kwana biyu, ka ɗiga ruwan a inda ka kankare. Oak zai yi baƙi nan take saboda sinadarin jima da ke cikinsa. Sai dai walnot da mahogani su ma sukan yi duhu, don haka gwajin ya fi amfani wajen raba oak da fararen katakai masu kama da shi. Walnot ruwan ƙasa ne mai sirkin toka ko makuba, da baƙaƙen jijiyoyi. Bic fari ne mai ɗan ja, da 'yan gajerun ɗigo masu duhu ko'ina a fuska, shi aka fi yin kujeru da shi a rina shi ya yi kama da mahogani, kuma ƙwari na son sa. Tik yana da maiƙo a hannu, yana warin fatar jima in an kankare, kayan Turai na shekarun 1950 da 1960 sun cika da shi, amma mafi yawa falle ne. In ka ci karo da katako mai duhu da baƙaƙen zane, mai nauyi, yana ƙamshin fure, wataƙila rozwud ne. Na Brazil yana cikin jerin farko na CITES, wato mafi tsauri, tun 1992, ko ƙerarren abu ne ba ya tsallake iyaka sai da takarda.

Ido kan yi kuskure, shi ya sa nake haɗawa da sikeli. Ka zaro allo ɗaya mai kusurwa huɗu daidai, kamar kantar cikin sif, ka auna tsawo da faɗi da kauri a santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000, ka sami lita. Allo mai 60 da 30 da 2 lita 3.6 ke nan. Ka ɗora a sikelin mai shago. In ya yi wajen kilo 2.4, kowace lita ta kama gram 660 zuwa 670, nan ne mazaunin iroko da sapele da tik, oak ma na kusa. In kilo 1.9 ne, wajen gram 530, Khayar kurmi ce ko fayin, wani farin katako mai laushi na Turai. In ya kusa kilo 2.9, wajen gram 800, ka shiga layin kawo da maɗobiya da maɗacin Arewa. In kuwa bai wuce kilo 1.4 ba, obeche ne, farin katakon kurmi marar nauyi, aka rina, komai kyawun launinsa. Nauyi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin itace ɗaya kan bambanta da ɗan'uwansa, amma in kai da nauyi da ƙamshi suka yi baki ɗaya, ka samu amsa. Wanda ya gagara, a yanki ɗan guntu daga ɓoyayyen wuri a kai wa masana a Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan ko sashen gandun daji na wata jami'a. Kada kuma ka ɗauka kaya ɗaya katako ɗaya ne. Kafintan da ya san kuɗi yana sa mai tsada a gaba, ya cike baya da ƙasan aljihu da mai arha. Kowane allo da nasa binciken.

Shekaru ma suna da alamu, zan taƙaita. Haɗin kusurwar aljihun durowa mai haƙora: in haƙoran kaɗan ne, ba su yi daidai da juna ba, ga siririn layin awo da aka ja da wuƙa, aikin hannu ne. In sun jeru iri ɗaya kamar an buga, inji ne. Ƙusa mai kusurwa huɗu ta riga mai zagaye, wadda ta mamaye kasuwa wajen 1890. Sukuru mai gicciye a kai bai fito ba sai shekarun 1930, amma ka lura, ana iya sa sabon sukuru a tsohon kaya wajen gyara. Tambarin hukuma ma yana taimakawa: in ka ga NRC, wato Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, an buga shi daga 1955 ne zuwa sama, shekarar da aka kafa hukumar da wannan suna. A nan ƙasar aikin hannu ya daɗe bayan Turai ta koma inji, saboda haka haɗin hannu a kayan Zariya ba ya nufin ƙarni na 19.

To, a wargaza ko kada a wargaza? Ra'ayina a nan mai tsauri ne. Kayan da ƙashinsa ke tsaye, haɗinsa bai ruɓe ba, gyara ya fi masa. Ƙafa ɗaya da ta karye aikin yini ne ga kafinta mai hannu. Sif kuma yana da girman ido, amma in ka wargaza shi za ka sha mamakin ƙarancin abin da zai fito: ƙofofin firam ne siriri da allon tsakiya mai kaurin da sau da yawa bai kai santimita 1 ba, baya filawud ne ko farin katako, kowane dogon sanda kuma an huda shi da ramin haɗi a kai da ƙasa, sai ka zubar da inci 2 ko 3 ta kowane ɓangare. Mutum ya rushe abin da ke aiki don ya sami kanta uku, ni ban ga riba ba. Kuma in abu yana da sassaƙa ta gargajiya ko ya fito daga fada ko tsohon masallaci, wannan ya fita daga hannun kafinta. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta 1979 ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ba a fitar da shi waje sai da izini. Irin wannan masana za a nuna wa, kamar na Gidan Makama a Kano. Wanda ya cancanci wargazawa shi ne wanda gara ta cinye ƙasansa, ko ruwa ya ruɓar da rabinsa, ko aka riga aka yi masa gyaran ganganci har asalinsa ya ɓace. Mafi albarka a irin waɗannan su ne saman tebur, dogayen sandunan gefen gado, bencin makaranta da teburin ɗakin gwaje-gwaje. Kujera ba ta ba da komai sai guntaye.

In ya tabbata za a wargaza, bi hanyar da aka bi aka haɗa za ka yi, ka dawo da baya. Ka ɗauki hoto, ka sa wa kowane yanki lamba da alli. Ka fara cire hinji da makulli da mariƙai, in na tagulla ne ka adana su da sukurorinsu, wani lokaci sun fi katakon daraja. Sukurun da ya ƙi juyawa, ka share tsagar kansa, ka ɗora masa ƙarfe mai zafi na ɗan lokaci, ka ɗan ƙara ɗaure shi kafin ka kwance. Tsofaffin kaya da gam ɗin fata da ƙashi aka haɗa su, mai launin ruwan zuma, yana farfashewa kamar ƙanzo in ya bushe. Alherinsa shi ne zafi da laima na sake shi: ka naɗa tsumma mai ruwan zafi a haɗin, ko ka tura ruwan da sirinji, ka jira, sannan ka buga daga ciki da gudumar katako, da wani guntu a tsakani don kada ta yi tabo. Ka duba ko an soke haɗin da ƙusar katako, in akwai ka fara fitar da ita. Haɗin da ya ƙi, kada ka yi kokawa da shi, ka sa zarto dab da shi ka datse. Asarar inci 2 ta fi tsagewar allo daga kai har gindi. Ƙusa marar kai ta baya ake zare ta da filaya, in ka mayar da ita ta gaba sai ta ɓalle fuska.

Ƙarfen da ya karye a ciki shi ne babban abokin gaba. Baƙin ɗigo a jikin oak ko iroko alama ce ta ƙusa a ƙasa. Ka bi allon da maganaɗisu mai ƙarfi, ko ka aro irin na'urar nan da masu gadi ke shafa wa mutane a ƙofar masallaci, tana kama ƙusa a cikin katako sarai. Ka yi wannan kafin ka kai wa mai inji a 'Yan Katako, domin ƙusa ɗaya tana ɓalle bakin inji, ta bar layi a duk allon da ya biyo baya, kuma kai zai ce ka biya.

Ƙwari kuma a duba ko suna raye. Ƙananan ramuka masu faɗin milimita 1 zuwa 2 na iya zama tsofaffi. Ka share su, ka shimfiɗa baƙar leda a ƙasa, ka bar allon kwanaki. In ka ga sabon gari mai haske ya zubo, akwai mai rai. Zafi na kashe su har ƙwai: ƙa'idar da ake bi wa katakon da ke tsallake ƙasashe ita ce cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30. Mu Allah ya ba mu rana. Allon da aka naɗe da baƙar leda aka ajiye a kan siminti a watan Maris ko Afrilu yakan yi wannan zafin, sai a riƙa juya shi kwana biyu ko uku. Bayan an wargaza ake yi, in ba haka ba gam ya narke, falle ya ɗago. Inda gara ta ci, ka soka tsinken ƙarfe, duk inda ya nutse a yanke a yar. Baƙin mai da wasu ke shafawa ka bar wa ginshiƙin rumfa, in ya shiga katako ba gam da zai kama, ba folish da zai zauna, ga wari a ɗaki.

Wajen cire tsohon shafi, ka gwada da auduga a ɓoyayyen wuri. In sipirit ya narkar da shi ya yi danƙo, shalak ne, shi ne folish na da, kuma sipirit da soson ƙarfe mai laushi sun isa su wanke shi. In sai tina, wato ruwan tsinka fenti, ce ta taɓa shi, na baya-bayan nan ne. Fenti mai kauri, musamman fari ko kore na tsofaffin ofisoshi, ka ɗauka akwai dalma a ciki. Wanda ya ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba zai goge irin wannan fenti a bushe a tsakar gida ba. A jiƙa, a kankare a waje, a sa takunkumi, a tattara ɓawon a leda, kada kuma guntayen su shiga murhu. Ko ba fenti, ƙurar iroko kanta tana tayar da asma da ƙaiƙayi.

Ga wurin da aka fi yin ɓarna. Ana kai tsohon allo wurin inji, a wuce da shi sau biyu, ya fito fes kamar sabo. Shi ke nan an kashe abin da ya bambanta shi da na kasuwa, domin duhun nan mai zurfi da shekaru suka yi masa bai kai milimita 1 ba. In fuskar tana da kyau, ka wanke ta kawai, in ta kama a kankare sama-sama da bakin fasasshen gilashi yadda tsofaffin kafintoci ke yi, kana bin jijiya. In dole ne a rage kauri sosai, a rage ta fuska biyu kusan daidai, in ba haka ba allon ya kanannaɗe. Bakin da ka yanka sabo zai yi haske, ya bambanta da fuska. Kada ka yi saurin rina shi. Iroko da mahogani suna duhu da kansu in sun sha haske 'yan makonni.

Ana cewa tsohon katako ya gama motsi. Bai gama ba, kuma ba zai gama ba. Yana shan laimar iska yana fitarwa har abada. A Kano ko Zariya, tsakiyar hunturu laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ruwan cikin katako ya koma wajen kashi 5. A watan Agusta kuwa yakan haura kashi 14. Motsin a faɗi yake, ba a tsawo ba. Allon oak mai faɗin santimita 60 na iya ƙaruwa da raguwa fiye da santimita 1 tsakanin damina da hunturu. Iroko da tik da mahogani sun fi natsuwa, amma su ma suna yi. Shi ya sa kayan gwanjon da suka sauka a Legas ko Kwatano lafiya lau kan tsage a hunturunsu na farko a Arewa. Ka jera allunan a ɗakin da za su zauna, da 'yan sanduna a tsakaninsu don iska, su yi mako biyu ko uku. Saman tebur kuma kada a kafe shi da gam da ƙusa ta ko'ina. A ɗaure shi da sukuru ta ramuka masu ɗan tsawo, yadda zai ja ya saki.

Aikin da za a yi, alluna ne za su faɗa, ba zanen da ke kanka ba. Ka shimfiɗa su a ƙasa, ka auna lafiyayyen wurin kowanne, sannan a zana kantar daidai da abin da ke akwai. Kantar littattafai mai kaurin santimita 2 kada tazarar ta ta wuce santimita 80 ba tallafi, littafi yana da nauyi. A huda kafin a sa sukuru, tsohon iroko da kawo suna lanƙwasa ƙusa ko su tsage. A oak a sa sukurun tagulla ko wanda ba ya tsatsa. A kankare tsohon gam tas, farin gam na yanzu ba ya kama bayan wani, kuma tik da iroko a share maiƙonsu da tina dab da mannawa. Tsofaffin ramuka a toshe da guntun katakon kansa, ba da garin katako da gam ba, wanda kan faɗa ciki ya yi baƙi. Shafi kuwa shalak ko man linsid da kakin zuma sun fi banish mai ƙyalli dacewa da shi, a shafa ciki da waje. Tsumman linsid a shanya shi a buɗe, in aka dunƙule shi yana iya kama wuta da kansa. Guntayen da suka rage za su yi firam ɗin madubi, ƙaramin akwatin takardu ko abin ɗora Alƙur'ani. Ban da katakon yanka nama da kayan wasan yara, tunda ba wanda ya san maganin ƙwarin da aka taɓa shafa musu.

A kan kayanka uku, ga shawarata. Sif ɗin, in ƙasansa lafiya, ka bar shi a tsaye, ka cire sandar rataya, a sa masa kantoci huɗu ko biyar a ciki. Ka samu ma'ajiyar littattafai mai ƙofa da za ta tsare maka ƙurar hunturu, ba ka yanka komai ba. Teburin a yi masa sabuwar ƙafa da irin katakonsa. In ya yi maka girma kuma sauran ƙafafun sun lalace daga ƙasa, samansa kaɗai zai fitar da ƙaramin teburin da kake so har da ragi, ƙafafu ukun kuma a rage musu tsawo a ƙara ta huɗu. Durowar gwanjo ita ce ta wargazawa: ka ɗauki madubin, mariƙan, fuskokin aljihu da ƙafafu in gundumi ne, sauran ka rabu da su. In kuma daga baya ka yanke shawarar sayar wa kafintan, kada ka karɓi tayin jimla. Ka auna alluna masu faɗi ɗaya bayan ɗaya, ka je kasuwa ka tambayi kuɗin busasshen iroko ko maɗaci mai wannan faɗin, in ma an samu, daga nan ciniki zai fara.